Jirgin da Malam Yari ya yi wa ɗori

Duk wanda ya taɓa faɗowa daga babur tsakanin Jega da Maiyama ya san zauren Malam Yari mai ɗori a Aliero, ko da yake yawanci ba da ƙafarsa yake zuwa ba. Ɗori gadonsa ne. Ubansa ya yi, kakansa ya yi, shi kuma tun gemu bai fito masa ba yake jan ƙafafun ƙarti suna kiran iyayensu mata. Ba ya lallashi, ba ya hira. Zai shafa wurin da yatsu, ya yi tofi, ya ja, ka ji ƙas, ya jera kara ya ɗaure da tsumma, ya ce a shigo da na gaba. Mutum ne mai taurin kai, gaskiya ɗaya ce, kuma taurin kan nan ne ya hana ɗansa Naziru taɓa ƙashin kowa. Naziru ya yi furfura a gemu, ga mata ga 'ya'ya, amma aikinsa a zauren bai wuce danne majinyaci da yaga tsumma ba.

Sai hannun Malam Yari na dama ya fara rawa. Matarsa Gudiya ce ta fara lura, ganin koko yana zuba daga ludayi yana ɓata masa riga.

"Malam, hannun ga naka hwa," ta ce. "Ka bari a kai ka asibiti a duba."

"Sanyi na," ya ce. "Ke mi kis sani ga hannu?"

Wanzami dai ba ya son jarfa. Amma a ransa ya sani. Da daminar bara ya ɗora ƙafar Tamu, wani mahauci na Maiyama, ƙafar ta warke a karkace. Tamu bai yi ƙorafi ba, ya ce haka Allah ya rubuta. Duk sanda ya shigo Aliero sai ya biyo zauren yana ɗingishi ya gaishe shi da ladabi. Da zaginsa ya yi da ya fi wa tsohon sauƙi.

Ana cikin haka Sirajo, direban da ke kai albasa Fatakwal, wanda Malam Yari ya taɓa gyara wa kafaɗa, ya zo da tsaraba. Kwali ne ya samo wurin 'yan gwanjo, a jikinsa hoton jirgin saman yaƙi na sojan ruwa, irin wanda ke tashi daga kan babban jirgin ruwa. A ciki babu jirgi, sai gutsattsarin roba masu ruwan toka da 'yar kwalbar gam. Mutum ne zai haɗa da kansa. Sirajo ya ce a ba jikoki.

Jikoki ba su ga ko kwalin ba. Malam Yari ya zazzage shi a tabarma cikin ɗakinsa, ya daɗe yana kallo. Ga dogaye, ga gajeru, ga masu gaɓa, sai ka ce ƙashin kaza bayan an cinye nama. Nan ya ƙulla wa kansa sharaɗi, bai faɗa wa kowa ba: in ya haɗa jirgin nan ya tsaya daidai, hannunsa na nan, zai ci gaba da ɗori. In ya kasa, to, ya kasa.

Kullum bayan la'asar, in majinyata sun watse, sai ya shige ɗaki ya saki labule. Gangar jirgin ba ta ba shi wuya ba, manya ne gutsattsarinta. Tayoyin ne suka fara tona masa asiri, ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli kudu. Murfin gilashin da matuƙi ke leƙowa ta ciki kuwa, gam ya zubo masa a kai, ya bushe da shatin babban yatsansa. Duk ya ce ba komai, ƙananan abubuwa ne.

Sai ya zo kan fukafukai. Kowane fiffike gida biyu ya zo, a hoton kwalin ma ƙarshensu a lanƙwashe yake, ya kalli sama. Mai ɗori ya ga haka, me zai ce? Karaya ce, har biyu. Ransa ma ya ɗan yi daɗi, don an zo gonarsa. Ya shafa gam, ya haɗa baki da baki, ya riƙe. Hannun ya ƙi tsayawa. Ya karyo tsinken tsintsiya ya jera sama da ƙasa, ya naɗe da zare, har da tofi, ya ajiye jirgin a kan taga ya ba shi kwanaki kamar yadda ake ba ƙashi. Ranar da ya kwance na dama, fiffiken ya kama, amma a karkace. Ya dube shi, ƙafar Tamu ya gani. Bai kwance na hagu ba.

Da Sirajo ya dawo daga tafiya ya tambayi labarin jirgi, tsohon ya fito masa da shi. Sirajo ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, ai ba karaya ba ta! Haka nan anka yi shi, na gani ga waya. In ya ƙare aiki yas sauka bisa jirgin ruwa, sai shi naɗe hukahukainai, don wani shi samu wurin tsayawa."

Malam Yari bai yi dariya ba. Ko karaya ce ko ba karaya ba, shi so ya yi fiffiken ya miƙe, kuma bai miƙe ba.

Washegari da hantsi wata mata daga Danwarai, Iklima, ta shigo da 'yarta Husna, wadda ta faɗo daga amalanken albasa ta karye a hannu. Naziru ya rungume yarinyar kamar kullum. Malam Yari ya ɗora yatsu, nan take ya gane inda ƙashin ya rabu da yadda za a ja shi. Sanin yana nan, bai tafi ko'ina ba. Amma yatsun suna karkarwa a kan fatar yarinyar, har ta tsagaita kuka ta zuba musu ido.

"Baba tsoho," ta ce, "sanyi kaka ji?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Tsohon ya janye hannunsa a hankali.

"Naziru, zaka nan," ya ce. "Ba ni ita in riƙe."

Naziru ya dubi ubansa, ya zaci bai ji daidai ba. Suka sauya wuri. Malam Yari ya rungume yarinyar a ƙirjinsa, ya kau da kai, yana jin ƙas ɗin da ya saba fitowa daga hannunsa ya fito daga na wani. Baƙin cikin da ya ji ranar, ko mutuwar ubansa ba ta sa shi irinsa ba. Hannun Husna ya warke sumul, wannan ma ya yi masa daɗi kuma ya yi masa ciwo.

Yanzu in ka sauka a Aliero ka tambayi mai ɗori, zauren Naziru za a nuna maka. Malam Yari yana zaune a ƙofa kan tabarma, hannayensa cikin riga, masu shiga suna gaishe shi su wuce. Jirgin yana nan a kan taga, fiffiken hagu ɗaure da tsinke da zare. Gudiya ta sha cewa ya kwance ya ba yara su yi wasa. Amsarsa ɗaya ce kullum.

"Bar shi. Bai warke ba tukuna."