Mama Aminci da Ƙwallon Tsoho Gordon

Ƙarfe shida da rabi na safe jirgin ƙasa na layin D yake sauke ta a titin Grand Concourse na New York. Kafin bakwai ta iso bene na biyu na gidan tsofaffin da nake zaune, ta ɗaure kai, ta sa fararen takalmanta. Daga nan sai wanka, canjin zanin gado, juya wanda ba ya iya juyawa da kansa, da ba da abinci a baki. Shekara ashirin da uku tana wannan. Sunanta Abigel Rwang, 'yar Bukuru ta wajen Jos, amma kowa Mama Aminci yake ce mata, da sunan 'yarta Aminci, har Turawa. Mai taimaka wa nas ce, sunanta ba ya kan ƙofar kowane ofis. Juma'ar nan take ajiye aiki.

Ni Alhaji Gambo ne. Ban taɓa zama a aji ba, 'yata Khairunnisa ce take rubutawa ina faɗa. Shekara talatin da ɗaya na tuƙa tasi a garin nan, da ka na haddace titunansa. Sau biyu aka ɗora mini bindiga a wuya, sau biyu ɓarin jikina ya shanye ya dawo, korona ta kwashe rabin benen nan ta bar ni zaune. Mutum irina ba ya yabon kowa da arha. Abin da na gani zan faɗa.

Ɗakin da ke kallon nawa na wani tsohon Bature ne, Mista Gordon, mutumin Ostareliya. Gyaran injin jirgin ruwa ya kawo shi New York yana saurayi, ya yi aure, ya zauna. Matar ta rasu, ya rage da 'ya ɗaya, Margaret, da kuma ƙwallon ƙasarsu. Wanda bai taɓa ganin wasan ba, ga yadda yake: fili kamar ƙwai, ƙwallon ma kamar ƙwai, mutum goma sha takwas kowane ɓangare, sanduna huɗu a kowane ƙarshe. Ta tsakiya maki shida, ta gefe maki ɗaya. Ana bugawa da ƙafa, ana naushi da hannu, ana taka bayan mutum a cafe a sama, alƙali yana kallo bai ce komai ba. Ranar da na fara gani na ɗauka faɗa ne ya ɓarke.

Ƙungiyar Gordon ta unguwar da aka haife shi ce. Ba zan faɗi sunanta ba, kada magoya bayanta su ji kunya. In suna wasan dare a can, mu nan asuba ce, in kuma da rana suke yi, mu muna barci. Saboda haka sai bayan karin kumallo yake kallon maimaici, kuma doka ce a benen nan kada wanda ya gaya masa sakamako. Yana kallo yana mita. Me ya sa kullum manyan ƙungiyoyi ake ba daren Juma'a, nasu a jefa su yammacin Lahadi? Wa ya ce a yi wasa ranar Alhamis, mutane na da aiki washegari? Masu talabijin sun saye wasan, masu sharhi 'yan kore ne, koci bai san hannunsa na dama ba. Shekara huɗu ina jin wannan ta ƙofa.

Bara waccan, a watan Afrilu, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya dawo daga asibiti ba magana, ba cin abinci. Likita ya ce maƙogwaron lafiya lau, zai iya haɗiye abu mai laushi, ƙi ne kawai yake yi. Ya ba da zuwa ƙarshen Mayu: in bai ci ba, a sa masa roba a ciki, a mai da shi bene na biyar. Mu da ke gidan mun san bene na biyar. Ban taɓa ganin wanda aka hau da shi ya dawo falo ba.

Margaret ta yi abin da kowace 'ya za ta yi. Ta tattaro tsofaffin wasannin da ƙungiyarsa ta ci, ta ce su kaɗai za a riƙa kunna masa, kada a nuna masa na bana, don a lokacin kashi suke sha kowane mako, tana tsoron jininsa ya hau. Aka yi mako uku ana kunna masa nasara bayan nasara. Yana zaune a keken guragu kamar an jingine buhu, cokali ya zo ya kau da kai.

Mama Aminci ce ta lura da abin da ya wuce likita da nas. Tana riƙe da kwano a gefensa, sai ta ga leɓensa yana motsi kafin mai sharhi ya yi magana. Ya haddace wasannin. Ya san tsofaffi ne, ya kuma san ɓoye masa ake yi.

Ta kira Margaret a gabana, a falo. Ta ce mata babanki ba yaro ba ne, ya gane an daina gaya masa gaskiya, shi ya sa ya daina kula mu. Margaret ta ce in wani abu ya same shi fa? Mama Aminci ta ce, "Nas za ta zauna da abin awon jini a hannunsa. In jinin ya hau mu kashe talabijin. In kuma an tambayi wanda ya kawo shawarar, ki ba da sunana." Mace mai shekara ashirin da ɗaya a aiki, saura kaɗan ta huta lafiya, ta ɗora aikinta a kan wasan da ba a san shi a garinsu ba. Margaret ta yarda, ta ce sau ɗaya tak.

Daga nan Mama Aminci ta juyo kaina.

"Baba Alhaji, aiki zan ba ka."

"Ni? Na ajiye aiki tun kafin ki san hanyar jirgin D."

"Na baki ne. Wanda ka fi iyawa."

"To, faɗi."

"Gobe za ka zauna kusa da shi, ka goyi bayan ɗaya ƙungiyar."

"Wacce?"

"Duk wadda take bugawa da tasa."

"Ban san dokar wasan ba."

"Yaushe rashin sani ya taɓa hana ka gardama?"

Na bar mata wannan, don mace ce mai wanke ni.

Ranar Lahadi ƙarfe goma aka kunna wasan makon. Kafin a je hutun rabi an ba yaran Gordon tazarar maki arba'in. Ni kuwa ina tafi da hannuna mai kyau. Na ce masa da Turancina na tasi, yaranka gudu suke kamar fasinjoji masu jan akwati a filin jirgi. Bai motsa ba. Na ƙara cewa kocin nan naku ko wankin mota ba zan ba shi ba. Sai mai sharhi ya ambata cewa hutun kwana biyar kacal aka ba su bayan doguwar tafiya zuwa Perth. Gordon ya juyo da kai a hankali, ya kalle ni, ya ɗura mini ashar. Khairunnisa ta ce ba za ta rubuta ba. Kalmarsa ta farko ke nan cikin mako shida, kuma ni aka zaɓa, ba likita ba. Sannan ya ɗaga yatsu biyar, bakinsa a karkace, ya ce, "Kwana biyar! Wane ɗan iska ne ya tsara wannan?"

Nas ta duba awo ta ce ya ɗan hau, bai kai na tsoro ba. Mama Aminci ba ta yi guɗa ba, ba ta kira kowa ba. Ta jira aka tafi hutu, ta matso da kwanon dankalin turawa da ta dama da niƙaƙƙen nama, ta ce masa, "Ci, ka sami ƙarfin zagin Alhaji." Ya ci cokali tara yana gunaguni tsakanin loma da loma. Aka tashi an cinye su da maki saba'in da ɗaya. Da la'asar ya nemi shayi.

Rabin aikin nawa ne, wannan ba na ɓoyewa. Amma ni zagi kawai na jawo. Mama Aminci, ke ce kika kalli leɓen tsoho a lokacin da kowa ke kallon takarda. Ke ce tun daga ranar kike zama lokacin hutunki ki kwafe jadawalin wasanni, ki mai da sa'o'insu agogon New York, ki karanta mini sunan ƙungiyar da zan goya wa baya a makon, don ni takarda ba ta yi mini magana. Ke ce kika kori mai shara daga ɗaki da tsintsiyarsa ranar da ya so ya faɗi sakamako daga wayarsa. 'Yar Bukuru mai cokali da haƙuri, har yau kin ce ba ki gane me ya sa ake ba wanda ya kuskure maki ɗaya ba, amma ba ki taɓa kuskure ranar wasa ba.

Jiya na ga ta miƙa wa Zuweira, wadda za ta gaje ta, littafin jadawalin, ta rubuta har ƙarshen kakar wasa a Satumba. Ta ce mata abu biyu ne: kada ki gaya masa sakamako kafin ya gani, kada kuma ki ɓoye masa in an ci su.

Mun gode, Mama Aminci, Allah ya huta gajiya, ya ba 'yarki Aminci mai yi mata yadda kika yi wa iyayen wasu. Ku kuma yaranmu da kuka cika gidajen tsofaffi daga unguwar Tremont har Stapleton kuna wannan aiki, ku koya daga gare ta. Ku nemo abin da tsoho yake mita a kai, ku bar masa kayansa.

Makon jiya ƙungiyar Gordon ta ci wasa da maki huɗu. Ya ce da koci mai hankali ne da arba'in za su ci, ya share kwano biyu, ya kira ni jahili. Har yau yana bene na biyu.