Ranar da Bokiti Ya Juya da Kansa

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da wata safiyar Talata ba a wurin casar shinkafa da ke Gummi, ranar da bokiti ya juya da kansa ba wanda ya taɓa shi. Yanzu kaina ya fara furfura, amma har yau in na ji ƙarar sarƙa sai kewar yayana ta taso mini sabuwa fil.

Mu biyu ne maza wurin Inna. Shi ne babba, ya ba ni shekara goma sha biyar. Shi ya riƙe gida bayan rasuwar Baba, shi ya tura ni Gusau koyon walda. Na dawo da hannu mai kyau, wannan ba yabon kai ba ne. Sai dai na dawo da iyayi ma. Duk abin da na gani a karkace sai na miƙe shi, ko an sa ni ko ba a sa ni ba.

A wurin da Yaya yake aiki, akwai wani dogon ƙarfe da aka kafa a sama kamar layin jirgin ƙasa. Bokitai na rataye a jikinsa da 'yan tayoyi, sarƙa tana jan su ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar rumfar layin ya rabu biyu. Bokitin ɗanyar shinkafa ya bi dama zuwa tukwanen turarawa, na wadda aka turara ta bushe ya bi hagu zuwa injin casa. A mararrabar akwai wani harshen ƙarfe da ke karkatar da bokiti, amma abin da ke motsa shi ya lalace tun da daɗewa. Yaya ne ya zama abin motsin. Yana tsaye a kan wani dakali da doguwar gora, bokiti na tahowa zai ɗaga kai ya gane shi, ya tura harshen dama ko hagu. Daga safe har la'asar, shekara bakwai. Kowane bokiti da istigfarinsa ɗaya. Ma'aikata suna ce masa Sarkin Mararraba, in sun shigo sai sun ɗaga masa hannu, shi kuma ya amsa da gorarsa yana murmushi.

Abin da ya dame ni kafaɗarsa ce. Kullum in ya dawo matarsa ce ke gasa masa ita da ruwan zafi, tuwo ma a hankali yake kai shi baki. Muna ci kwano ɗaya ina kallonsa, abin yana ci mini rai. Na ce a zuciyata, ina amfanin ƙane mai walda in yayansa na tura ƙarfe da gora?

Ban faɗa masa ba. Nan ne wautata take. So nake in ba shi mamaki. Na faki idonsa na auna mararrabar ranar Juma'a da aka tashi, na tafi Anka wurin wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa na samo sifirin da 'yan sanduna. Dabarar ba ta da wuya. Zan liƙa wa bokitan hagu ɗan kunnen ƙarfe. Mai kunne in ya iso zai bugi sanda, sanda ta ja harshen, in ya wuce sifirin ya mayar da shi. Marar kunne kuwa ya wuce dama abinsa. Na kai wa mai wurin maganar, ya ce in gwada.

Talatar nan na riga kowa zuwa na ɗaura kayana. Yaya ya shigo, ya rataye rigarsa, ya hau dakali da gorarsa. Ya dubi mararrabar, ya dube ni. Aka tayar da inji. Bokitin farko ya taho yana lilo, Yaya ya ɗaga gora kamar kullum, kafin ta kai sai ji muka yi ƙas! Harshen ya juya, bokiti ya bi hagu. Na biyu ya wuce dama. Na uku haka. Ma'aikata suka bar buhuna suka taru suna tafi, wani ya ɗaga hannuna sama. Ni kuwa baki har kunne, ina neman idon Yaya.

Yana nan tsaye a kan dakali. Duk bokitin da ya taho sai hannunsa ya motsa da kansa, sai ya mayar da shi. Ya yi haka sau biyar ko shida. Daga nan ya sauko a hankali, ya jingine gorar a bango.

"Aiki ya yi kyau, ƙanena," ya ce. "Allah shi yi ma hannu albarka."

Na ce, "Yaya, kafaɗa ta huta ke nan."

Ya ce, "Ta huta." Sannan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Kana zaton ban san hanyar Anka ba?"

Wallahi a lokacin ban gane ba. Sai da mako ya zagayo mai wurin ya kira Yaya, ya ce babu sauran aiki a mararraba, in yana so ya koma ɗaukar buhu. Mutumin da da ƙyar yake ɗaga hannu ya sa hula, ina shi ina buhu? Nan na gane ya daɗe da sanin gyaran, barin sa ya yi don shi ne abincinsa. Ni kuma aka ce in riƙa zuwa ina duba sarƙa da tayoyi. Na je na roƙi mai wurin, na ce zan cire abin da na sa. Ya yi dariya ya ce ai wanda ya ga hanya ba ya komawa cikin ƙaya.

Da Inna ta ji, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Wa ya aike ka?" Da ma duka na ta yi da ya fi mini sauƙi.

Yaya bai taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba. Ya samu aikin gadin rumbuna a wani ƙauye can bayan Bukkuyum, ya ce zai kwashe iyalinsa. Na raka shi tasha. Mota na shirin tashi ya leƙo ta taga ya ce, "Ka riƙa sa ma sarƙar nan mai ran Juma'a. In ta bushe kuka takai." Abin da ya bar mini ke nan.

Hanyar ta lalace da rashin tsaro, zuwa ya yi wuya. Sau biyu ya zo gida cikin shekara uku, duka biyun gaisuwar rasuwa ce, gida cike da mutane. Na yi ta cewa sai mun keɓe zan nemi gafararsa. Ba mu keɓe ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi cikin wata damina, labarin ya iso mana bayan an rufe shi.

Ina kewarsa ƙwarai. Ina kewar zamanmu a ƙofar gida, da yadda yake turo mini nama gabana ya yi kamar bai gani ba. Ban ce gyara laifi ba ne, da ban yi ba wata rana wani zai yi. Laifina shi ne kullum muna zaune gwiwa da gwiwa, ban taɓa buɗe baki na ce, Yaya, me kake so ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake faɗa wa duk mai rawar kan taimako irina: kafin ka sauke wa mutum kaya, tambaye shi tukuna ko ya iso inda za shi.