Kada a Ce wa Seember Ta Yi Ƙiba

Msurshima Tyav ta tashi a Adogi, gidan manomin doya, inda ba a tambayar baƙo ko zai ci, sai dai a turo masa ruwan wanke hannu. Shi ya sa da ta gama karatun halayyar ɗan Adam ta ce masu ciwon ƙin cin abinci za ta riƙa dubawa a garin Lafiya, mahaifinta ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai wa zai ga sakwara ya kau da kai?

Ba ta yi musu ba. Shekara shida tana bin makarantun 'yan mata har Keana da takardun tambayoyi, ta gano akwai su, ba a gane su ne kawai. Wata a ce azumi take, a yi ta yabonta. Wata a ce sammu ne, ko a ɗura mata maganin ƙiba na kemis.

Seember ce ta fi tsaya mata a rai. Shekararta goma sha bakwai aka kawo ta asibiti, sai an riƙe ta take tafiya, amma ita gani take ta yi ƙiba. Wata takwas Msurshima tana zama da ita, loma bayan loma, har kumatu suka fara dawowa. Sai ga Kirsimeti, za a kai ta gida Assakio.

Nan hankalin Msurshima ya tashi. A yankinsu babu yabon da ya kai "kin yi ƙiba", ita kuwa wannan yarinya kalmar kaɗai ta isa ta mayar da ita gadon asibiti. Sai Msurshima ta hau mota ta je Assakio da kanta, ta bi dangin yarinyar gida gida tana roƙon kada kowa ya ce mata ta yi ƙiba. Gwaggonni suka dube ta kamar ta ce a daina gaisuwa. Kakar yarinyar, tsohuwa Nguavese, ta ce da irin Hausarsu da ba ta raba mace da namiji, "To madam, in ban yaba jikin shi ba, me zan ce?"

"Mama, ki ce kin yi kewarta."

Ranar Kirsimeti Msurshima ta kasa sakewa. Bayan azahar waya ta yi ƙara.

"Anti, ni ne Seember. Kaka Nguavese ya manta. Yana ganina ya rungume ni, ya ce na yi ƙiba, gaban kowa da kowa."

Msurshima ta ce, "Sai kika yi yaya?"

"Na je bayan rumbu na yi kuka."

"Abincin fa?"

Yarinyar ta ce, "Ya huce kafin na dawo. Amma na ci, Anti. Ina kuka ina ci."