Injin Walda Wanda Ya Nuna

A babbar kasuwar Garwa, layin masu kayan ƙarfe, wani dattijo na tsugune gaban injinan walda, da karyayyar salansar mota a hammata kamar ya ɗauko rake. Rigarsa fara ce tas, ba ta taɓa gamuwa da tartsatsi ba. Yana bin injinan ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne. Ko ba a faɗa ba, wannan ya daɗe yana noman kankana, wataƙila can wajen Bibemi.

"Baba, wane iri kake so?" in ji mai shago.

"Mai araha, amma wanda ya nuna. Na gaji da ɗaure motata da waya. Iyalina ma sun ce gara su taka da ƙafa."

Da jin kuɗin ƙaramin cikin injinan, sai ya janye hannu kamar lantarki ya ja shi. Ya koma kan hular walda mai baƙin gilashi, ya kifa a fuska.

"Wannan ta lalace, ba na ganin komai."

"Haka take, Baba, sai wuta ta tashi."

Ita ya saya. Injin kuwa sai bayan kaka, ya ce a ajiye masa jan cikinsu, shi ya fi amo.

Ga shi can bakin titi, hula a goshi, salansa a hammata. Wani mai babur ya tare shi: "Maigida, za ka liƙe mini wannan ƙarfen?"

Dattijo ya duƙa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara.

"Zai liƙu. Dawo bayan kaka."