Doguwar da Ba Ta Hau Ni Ba

Shekara biyu da wata huɗu Inna ta yi kwance a ɗakinta a Dumega, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Mu biyar ta haifa, amma ni ce mijina ya rasu na dawo gida, don haka ko shawara ba a yi ba, jinya ta faɗo kaina. Ni ce wanka, ni ce goya ta zuwa bayan gida, ni ce wankin zannuwa. Masu zuwa dubiya su zauna su sha fura, su ce mini "sannu da samun lada", su kaɗe zane su tafi. Na tsani wannan gaisuwar har cikin raina, Allah ya yafe mini.

Wata rana da hantsi, ana tsakiyar yankan gero, ina ba ta kunu. Na ba ta, ta furzar. Na sake, ta furzar. A karo na uku sai na ga hannuna ya damƙe haɓarta, ina matsawa, ina cusa ludayi tsakanin haƙoranta. Idanunta suka kawo ruwa. Da na gane abin da nake yi wa matar da ta haife ni, na yi jifa da ƙwaryar, na fito tsakar gida na kurma ihu, na zube ƙasa jikina yana kakkarwa.

Gwaggo, ƙanwar Babana, ta zo mana daga Ɗan Kassari a makon. Ta tsaya a kaina ta dafe ƙirji.

"Doguwar gidanmu ta! Hakanga ta kada kakarku. An daɗe ba a ba ta haƙƙinta ba."

Kafin azahar Yayana ya iso a kan babur daga shagonsa na Dogondutse, wando ɗangale, fuska a murtuke.

"Gwaggo, ba a yin bori gidanga. Malam za ni kira shi yi mata ruƙiyya."

"Kai da ka san malam, ina kake shekara biyu?"

Suka yi ta yi a kaina, ina kwance a tabarma, ido a rufe, ina jin komai. Ba wanda ya tambaye ni. Ni kuwa na san sarai babu abin da ya hau ni. Amma me zan ce? In buɗe baki in ce na gaji da uwata? A wajenmu mace ta faɗi da iska ba abin kunya ba ne, har tausayinta ake ji. Wannan ɗayar kuwa, in ta fita daga bakinki, za ta bi ki har kabari. Tsorona ɗaya, kada Inna ta faɗi abin da na yi mata.

Gwaggo ta yi rinjaye. Za ta tafi da ni gidanta kwana bakwai, a yi mini turare. Abin mamaki, nan take Yaya ya tuna matarsa za ta iya zuwa ta zauna da Inna. Ashe akwai hannuwa a gidanmu.

Da aka kawo amalanken jaki, Gwaggo ta ce in shiga in yi sallama. Na durƙusa a bakin gadon, na kasa ɗaga kai, ga shatin yatsuna a haɓarta, ga Yaya tsaye a ƙofa. Ta miƙo hannunta mai lafiya ta kama bakin zanena, ta jawo ni har kunnena ya kai bakinta. Maganarta da kyar take fita, amma na ji ta duka.

"Ba doguwa ba ta, ni na sani. Kar ki hwaɗa musu. Tahi ki huta, ɗiyata."