Katunan Dubiyar Madam

Shekara shida Madam ta yi tana gina zumuncin nan, ni kuma na cinye moriyarsa cikin kwana goma. Da wannan zan fara, don kada wani ya karanta har tsakiya yana tausaya mini.

Madam malamar Turanci ce a firamaren da nake koyarwa, can wajen Ƙofar Dumi a Bauchi. Doguwa ce, Kirista daga kudancin jiha, ta ba ni shekara goma sha biyar ko fiye. Hausarta irin ta mutanensu ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. In mun tsokane ta a ofishin malamai sai ta ce, "Ka gane ko ba ka gane ba? To shi ke nan." Teburinmu ɗaya. Ita ta koya mini cika rajista ranar da na kama aiki, kuma da na yi haihuwa ta biyu ita ta riƙe mini aji, ta zo suna har gidanmu a Gwallaga da kwanon acca a kai.

Ita ta fara rubuta wa wata ƙaramar makaranta a Ingila, a wani gari na bakin teku. Wata tsohuwar malama a can ta ba ta amsa, abota ta ƙullu. Duk Asabar Madam za ta hau keke daga Yalwa zuwa shagon intanet da ke wajen Wunti, ta aika saƙo ta adireshin imel da ta buɗe da sunan makaranta. Yaranmu suka dasa zogale a bayan aji, nasu suka shuka wake, kowane wata a auna tsayi a aika wa juna. Mu kuwa dariya muke yi mata. Ni da bakina na ce wahalar banza ce, wa ya taɓa ganin ƙawa a cikin kwamfuta?

Sai ga takardar gayyata: malami ɗaya ya je ya yi kwana goma. Ba wanda ya tambayi wa zai je. Madam ta yi fasfo, har lambar takalminta ta aika, don tsohuwar ta ce za ta tanadar mata kayan sanyi.

Wata Litinin hedimasta ya kira ni ofis, ya tura ƙofa.

"Malama, daga sama aka ce ke za ki."

Na san saman. Kawun mijina ne, yana cikin kwamitin makaranta, kuma maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Ban roƙe shi ba, wannan gaskiya ne, kuma na daɗe ina rufe kaina da wannan gaskiyar kamar da guntun zane. Amma ban ƙi ba.

"Ranka ya daɗe, to Madam fa?" Sau ɗaya na faɗa, a hankali, yadda in bai ji ba ma ba laifi.

"Bar mini wannan."

Ya karɓi lambar sirrin imel ɗin daga hannun Madam, wai abu ya zama na hukuma. Sannan ya gaya mata Turawan ne da kansu suka sake shawara, suna son malama mai ƙuruciya wadda ke koyar da kimiyya, saboda batun shuke-shuken. Ni ce ke koyar da kimiyya, in dai karanta wa yara littafi su maimaita kimiyya ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Madam ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta zo ta zauna a teburinmu ta ce, "Ƙawata da kanta ta ce haka?"

"Haka hedimasta ya ce."

Ta gyaɗa kai. Ana gobe zan tafi Abuja hawa jirgi ta miƙo mini littafin awon zogale da wani mayafi saƙar hannu a leda. "Ka ba ta. Ko ba ta son ganina, na riga na saya."

Tsohuwar da kanta ta tare ni a tashar jirgin ƙasa ta garinsu. Gajeriya ce, kanta fari fat, in ta yi taku goma sai ta tsaya ta maida numfashi. Ko fita daga tashar ba mu gama yi ba a motarta ta juyo ta ce, "Yaya jikinta? Shugabanku ya rubuto cewa tana asibiti."

A nan na san ƙarya biyu hedimasta ya yi, ɗaya a Bauchi ɗaya a Ingila. Amma kafin kaina ya gama lissafi bakina ya riga ya amsa. Tun muna yara, in an ce yaya mai jiki, amsa ɗaya ce, ko mutum yana kan gargara. Na ce da sauƙi.

"Me ya same ta?"

Danja ta tsayar da mu a lokacin, kuma ta daɗe ba ta sake mu ba. Har yau ina ganin jar fitilar nan. Ina da lokacin da zan ce, Baba tsohuwa, lafiyarta ƙalau, kujerarta aka ba ni. Na dubi jakata, na tuna kawun mijina, na tuna ban san hanyar komawa gida ba. Na ce ciwon ƙoda ne. Maƙwabciyarmu a Gwallaga na fama da shi, na san kalmominsa, na san wankin ƙoda da kumburin ƙafa. Na ɗauko ciwon baiwar Allah ɗungurungum na ɗora wa mace mai lafiya.

A ɗakin da aka sauke ni, a gidan tsohuwar, akwai kwat mai kauri a rataye da takalmin sanyi a ƙarƙashinsa, duk awon Madam. Hannun kwat ɗin ya haɗiye yatsuna. Takalmin sai da na cusa jarida a ciki. Haka na yi kwana goma ina jan ƙafa a cikin kayan wata.

Ba zan yi ƙaryar cewa ban ji daɗi ba. Na ga teku. Na ga ɗakin karatu na yara zalla, da kafet, yaro ya kwanta rubda-ciki yana karatu ba mai daka masa tsawa. Na koya musu sannu da yaya gida, na ɗaura wa 'yan mata ɗankwali, aka yi ta tafa mini. Sai dai duk inda na juya Madam na nan. Hotonta na jikin bango tana riƙe da reshen zogale, an liƙa zare a gefe mai nuna tsayinsa wata bayan wata. Yaran sun san ta fiye da yadda wasu malamanmu suka san ta. Wata yarinya mai giɓi ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko allurar da ake yi mata tana da zafi. Na ce kaɗan.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kullum sai an tambaye ni, kullum sai na ƙara wani abu. Rana ta shida, muna shan shayi a kicin, tsohuwar ta ɗauko biro ta ce in ba ta lambar wayar Madam ko ta 'yarta, tana son jin muryarta ko na minti ɗaya. Duk shekarun nan ta imel suke magana, ba su taɓa kiran juna ba. Lambar tana cikin wayata, wayar tana aljihun kwat ɗin Madam. Na ce likita ya hana, ya ce a bar ta ta huta, ba waya ba saƙo sai ta samu ƙarfi. Ƙaryar farko suɓutar baki ce, ana iya yi mini uzuri. Wannan kuwa da hankalina na ƙera ta, na kuma san abin da take yankewa. Tsohuwar ta ajiye biron, ta ja mayafin da na kawo mata ta rufe kafaɗa, don tun ranar da na ba ta shi ba ta rabu da shi ba.

Ranar ƙarshe aka tara yara a babban ɗaki, suka miƙa mini katunan dubiya da suka yi da hannunsu, ashirin da takwas. Yawancinsu sun zana doguwar mace a gado. Wani ya zana zogale ya shigo ta taga ya kai har kan filo. Tsohuwar ta ɗora ambulan liƙaƙƙe a kai, ta ce wannan nata ne. A tasha ta riƙe hannuna ta ce, "Ba zan dame ta ba. In ta ji sauƙi ta rubuto mini, ko layi ɗaya."

Na dawo Bauchi aka yi mini tarba kamar na ci kofi. Hedimasta ya sa hotona da yaran Turawa a firam ya rataye a ofis. Madam ta jira har kowa ya watse.

"Ta karɓi mayafin?"

"Ta karɓa."

"Ta ce me?"

"Ta ce an gode."

Ta tsaya kaɗan ko akwai saura. Da ta ga babu, ta ɗauki alli ta tafi aji. Katunan suna cikin jakar da ke kan cinyata a lokacin.

Na gaya wa hedimasta, ya ce in ƙona. Ban ƙona ba, ban kuma bayar ba. Na tura su ƙasan akwati, ƙarƙashin atamfofin da ban ɗinka ba. Wasiƙar kuwa na buɗe ta, wannan ma in faɗa. Gajeriya ce. Tsohuwar ta rubuta cewa ita ma ta san benci na asibiti, don likitoci sun ga wani abu a huhunta, ba ta gaya wa yara ba. Ta ce ta so ƙwarai su haɗu, ta ajiye mata kwat. Ta ce su biyu su yi gasa, su ga wa zai riga warkewa.

Na karanta, na san matar ba ta da lokaci mai yawa, na ninke na mayar. Kowace safiya ina zama tebur ɗaya da Madam, muna cin ƙosai a takarda ɗaya. Na ce wa kaina bari a gama jarrabawa. Na ce bari azumi ya wuce. Na ce in magana ta fito za ta kai ga kawun mijina, ta taɓa mini zaman gida. Duk hujjoji ne, amma gaskiyar ita ce tsoron idonta nake yi. Na fi son ta ci gaba da zaton ƙawarta ta wulaƙanta ta, da ta san wace ce ni.

Aka ɗora mini ci gaba da zumuncin. Sau biyu na rubuta, kowace amsa da tambayar jikin Madam take farawa, sai na daina buɗewa. Awaki suka samu hanya ta katangar baya suka cinye zogalen. Madam ta gani ta wuce, ita da a da ko ganye aka tsinka sai an ji muryarta har titi. Shekara na zagayowa ta nemi canji, aka tura ta wata makaranta a Inkil.

An fi shekara biyu kafin a canja hedimasta. Sabuwar shugaba ta sa ni buɗe imel ɗin don ta ga inda aka kwana. Saƙo na ƙarshe daga shugaban waccan makarantar ne, ya yi watanni yana jira. Tsohuwar ta rasu. Ya ce kafin ta rasu ta roƙi a sanar da ƙawarta ta Bauchi, in tana raye.

Washegari bayan an tashi na hau keke zuwa Inkil da ledar a hannu. Na tarar da Madam a baranda tana maka littattafai da jan biro. Ta yi murna da ganina, ta share mini benci da hannunta, abin da ya fi komai yi mini ciwo ke nan. Na ajiye ledar a gabanta na ce nata ne, tun daga tafiyata.

Ta sa tabarau ta bi katunan ɗaya bayan ɗaya, duk ashirin da takwas, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta zo kan ambulan, ta juya shi ta ga bakinsa a yage, ta dube ni, ta karanta. Sannan ta cire tabarau.

"Malama, wane ciwo ka ba ni?"

"Ƙoda."

Ta kai hannu ta dafa kwiɓinta, kamar mai son tabbatarwa.

"Ita fa? Ta warke?"

Na gaya mata. Na gaya mata komai, da danja, da biron da aka ajiye, da mayafin da ba ya sauka daga kafaɗa. Ina jira ta zage ni, wallahi ina so ta zage ni.

"Shekara biyu ina fushi da matar nan," ta ce. "Ko a coci, in na zo kan sunanta a addu'a sai in tsallake."

Na fara cewa ta yafe mini, ta ɗaga hannu. Ta tattara katunan ta daidaita bakinsu a kan tebur, ta sa wasiƙar a sama, ta ɗora tafinta a kai.

"Da ka kawo mini tun lokacin, ba zan tona ka ba. Ka san ni. Layi ɗaya kawai zan rubuta mata, in ce na warke."

Ta mayar da tabarau ta jawo littafin yaro na gaba. Na zauna har ta maka uku, ba ta ƙara ɗagowa ba, sannan na tashi na nemi keke.