Awarwaron Inna da Motar Haya

Yayana irin mutanen nan ne da ba a nuna musu hanya ko a garin da ba su taɓa zuwa ba. Da za a yi sunan jikan ƙanwar Inna a wajen Kamlin, ya rantse ba zai shiga bas ya zauna kusa da akuya ba, motar haya zai ɗauko a Managil ya tuƙa da kansa. Ni da Inna muka raka shi, don muna da sayayya.

Mai motocin bai ɓoye mana komai ba. Ko a biya ta'amin, wato inshora, in wani abu ya sami motar ba ruwanmu, ko a bar masa abu mai daraja ya riƙe har ta dawo lafiya. Na ce, "Yaya, damina ce fa, kuma bakin tur'a, babbar magudanar ruwan gonaki, za mu bi. Biya kawai mu huta."

Ya watsa mini harara. "Ke mi kika sani? Ta'amin na marasa dangi ne. Mu in abu ya faru, gari guda za ya tashi."

Sai ya juya wajen Inna da murmushi. Awarwaron zinariya uku ne a hannunta, shekaru ta yi tana cirar auduga a hawashar mutane, wato gonakinsu, kafin ta haɗa su. Sai da aka shafa sabulu suka fita. Mai motocin ya jefa su aljihun tebur. Kuɗin ta'amin kuwa, baƙin tabarau gogan namu ya saya da su, ana tsakar hadari!

Washegari ya cusa dangi shida a motar, kowa yana "Allah ya ƙara arziki." Ko rabin hanya ba mu yi ba jaki ya tsaya mana a kan gaɓar tur'a. Yaya ya murɗa sitiyari, laka ta kwashe mu, sai ga mu cikin ruwa har ƙirji. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Tarakta ta jawo motar, amma inji ya riga ya sha ya ƙoshi.

Gari ya tashi kam, ba zan yi masa ƙarya ba. Kwana uku suna zuwa jaje, suka shanye mana shayi da sukari. Da aka ambaci gyara, wannan hawasharsa na jiran ruwa, wancan matarsa ba lafiya. Wanda ya yi kokawar kujerar gaba ma cewa ya yi dama shi bas ya so shiga. Yaya ya ce ƙaddara ce. Tir! Har yanzu in na ga tabarau ɗin nan raina ɓaci yake.

Inna ba ta taɓa tayar da maganar awarwaronta da mai motocin ya riƙe ba, shi ne ya fi ƙona ni. Har yau in ta zauna za ta yi kisra, wainar dawar nan mai faɗi, sai ta kai hannu ta tura awarwaro sama kada ƙullu ya taɓa su. Ta shafo fata kawai, ta ci gaba da aikinta.